Irin da Zuwaira Ta Jiƙa

Bazarar bana ta ƙi tafiya. Kullum da la'asar hadari zai haɗo daga gabas, ta wajen Tasawa, ya yi baƙi har kaji su fara neman wurin ɓuya, sai iska ta taso ta watsa shi, mu koma mu zauna da guminmu. Rairayin tsakar gida in rana ta take ko akuya ba ta yarda ta taka shi. Ni kuwa da gwiwa ta fara yi mini gardama, aikina shi ne jan tabarma ina bin inuwar itacen bedi duk inda ta juya.

Ana cikin wannan zafi, wata Laraba da hantsi, na ji muryar ɗana Ma'azu daga bayan rumbu kamar an yi gobara.

"Inna! Inna, zo ki ga abin da jikarki ta yi mana!"

Na dafa ƙasa na tashi. Ko da na isa, ga wani babban baho an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ma'azu ya yaye buhun. Irin hatsinmu ne, zangon da duk gidanmu ake kira irin Iya, wanda mahaifiyata ta bar mana. Tiya huɗu cif, iyakar abin da muka ajiye ke nan. Ya sha ruwa ya kumbura, kowace ƙwaya ta fito da ɗan farin baki.

Na ce, "Innalillahi."

Ma'azu ya shirya washegari zai yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, tun da sama ta yi jinkiri. Busasshen iri yana jira, ko wata guda ne. Wanda ya tsiro kuwa ba ya jiran kowa. Ka sa shi cikin rairayin nan mai zafi ya dahu kafin azahar, ka maida shi tulu ya ruɓe.

Zuwaira tana tsaye jikin zana, ta rungume salula, wayarta ta hannu, a ƙirji. Ɗiyar Ma'azu ce ta fari, shekararta goma sha biyar, tana ajin ƙarshe a kolej ɗin Attantane. Uban ya fizge salular ya jefa aljihu.

"Wannan abin ne ya lalata miki kai. Daga yau kin rabu da shi. Lakwal ɗin ma an gama, ba ki ƙara taka makaranta. Jarabawar da kike damun mutane da ita, ki manta. Tun da karatu ya kai ki ga jiƙa abincin gidan ubanki, ya isa haka nan."

Na ce, "Ma'azu, tsaya mana."

"Inna, don Allah ki bar ni. In na tsaya zan yi abin da ba shi da kyau."

Ya tada babur ɗinsa ya nufi Gidan Amumune, inda yake kabu-kabu ranar kasuwa. Na san ɗana. In ya faɗi magana da rana, ya kwana a kanta, ko sarkin garinmu ba ya kwance ta. Daga hantsin nan zuwa dawowarsa ke nan lokacin da ya rage wa yarinyar.

Zuwaira kam Allah ya ba ta kai, wannan ba yabon kaka ba ne. Tsohuwar salula wani kawunta ya bar mata, fuskar duk ta tsage, amma abin da yarinyar nan ta kwaso daga cikinta sai wanda ya gani. Garinmu ba rezo, waya ba ta kamawa sai a kan tudun yamma, gindin wani gawo. Can za ka same ta da yamma ta ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Tana cikin wani gurup da ƴan lakwal na Tasawa da Mayahi da wasu garuruwan da ban san su ba, suna jefa wa juna lissafi. Ta kalli ɗan bidiyo sau ɗaya ta gyara mini tocila. Ta kalli wani ta gaya wa mushensu, malamin ajinsu, ya yi kuskure a allo, kuma aka duba ita ke da gaskiya. Faransancin da ke bakinta, ni dai ban taɓa jin irinsa a garin nan ba.

Na sa ta jawo bahon gindin bedi, muka zauna a inuwa, na ce, "To ƙawata, uwar sani, gaya mini. Wane aljani ya aike ki?"

Ta share hanci da gefen hijabi. "Kaka, bidiyo na gani. Wani mutum ya jiƙa iri kafin shuka, nasa ya riga na kowa fitowa. Na tambaya a gurup, kowa ya ce in gwada. Wani kuma ya sa hoto ya ce Litinin za a yi ruwa a wajenmu. Na jiƙa da yammar Lahadi don in ba Baba mamaki. Har na rubuta musu na ce za su gani."

"Su da suka ce ki gwada, cikinsu wa ya taɓa riƙe sungumi?"

Ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabi.

"Shi mai bidiyon bai ce a wace irin ƙasa ake zubawa ba?"

"Akwai kashi na biyu. Rezo ya ɗauke ban gani ba."

Kai, na so in yi dariya, na so in yi kuka. Na sa hannu cikin bahon na damƙo irin. Sanyi gare shi, da ɗan santsi, ga wani ƙamshi mai tsami-tsami yana tashi. Ƙamshin nan ne ya kwashe ni. Ina zaune gindin bedi, jikata na sheshsheƙa kusa da ni, amma ni na riga na koma wata bazarar, sama da shekara arba'in baya.

Ina da shekara goma sha biyu a lokacin. Daminar da ta gabata ta yi mana ƙarya, hatsi ya fidda kai ya bushe a tsaye. Kafin sanyi ya wuce rumbu ya koma wurin kwanan kaji. Baba ya tsallaka iyaka cin rani, aka bar Iya da ni da ƙannena biyu mata.

Abin da na fi tunawa shi ne shirun gari. Da can tun asuba turame ke tada mutum, wannan gida ya buga wancan ya amsa. A shekarar nan sai ka wayi gari ba ka ji taɓarya ko ɗaya ba. Wani lokaci da rana tsaka, in yunwa ta kai inda ta kai, sai in ji ana daka can nesa, lugude mai daɗi har da tafi. In tashi in leƙa, ba kowa, sai kawalwalniya tana rawa a kan tudu. Yunwa in ta daɗe ba ciwo take yi ba. Jiki yakan yi sakayau, kai ya yi fayau, ka riƙa jin kamar ƙafarka ba ta taɓa ƙasa.

Da an yi sallar asuba sai rijiya. Rijiyarmu mai zurfi ce, ruwan kuma ya ƙara gudu ƙasa. Mata shida ke kama igiya guda, su ja da baya har su wuce kurnar bakin hanya kafin wasaki ya leƙo, shi ma rabi, ja wur da laka. Tafin hannun Iya ya yi kanta har ba ta jin ƙaya. Daga rijiya sai daji neman anza. Mu tsinko ƴaƴanta, a fasa, a jiƙa, kullum a zubar da ruwan a sake wani, har kwana bakwai kafin ɗacin ya ragu. A dafa da ɗan gishiri in akwai. Ana ci ana yamutsa fuska, kuma ana lashe kwano. Mun ci dusa, mun ci ganyen jiga, mun tona gidan tururuwa mun kwashe abin da ta tara. Har yau in na ga tururuwa da ƙwaya a baki sai in ji kamar in ba ta haƙuri.

Fulanin da ke zaune arewa da mu, ta wajen Issawane, nasu ya fi namu. Dija, ƙawar Iya, takan zo da ƙwarya a kai don sabo kawai, nonon ciki bai fi ludayi biyu ba. Ta zauna kusa da Iya. Wata rana ta ce wa Iya, "Yau saniyar da aka ba ni ranar suna ta kwanta. Maza huɗu sun ɗaga ta, ta koma." Ba ta yi kuka ba. Ta ɗiga wa ƙanwata nono a baki da yatsa, ta ɗau ƙwaryarta ta tafi.

Duk da haka ina zuwa lakwal. Rumfar kara ce a bakin gari, da mushe guda, mutumin Tasawa, siriri mai tabarau ɗaure da zare. Littafinsa ɗaya ne, bangon ya cire. Ni ce ta ɗaya a aji, kuma ni ce mai damunsa. Mi ya sa kaza, ta yaya kaza. Yakan cire tabarau ya ce, "Habsu, ke bakinki ba ya gajiya?" Amma yana murmushi yake faɗi. Shi ya ce mini bana zai kai ni Mayahi in yi jarabawar satifika, daga nan sai kolej. Ban san mi ake yi a kolej ba, amma in ina jan igiya a rijiya nakan ga kaina a can, cikin wani ɗaki mai sanyi da littattafai har rufi.

Wata rana ya yi mana darasin tsiro. Ya ce a ƙa'ida wake ake sawa a gwangwani a gani da ido, amma wa ke da wake a shekarar nan? Sai ya zana a allo. Ga ƙwaya, ga saiwa ta yi ƙasa, ga ganye ya yi sama. Ya ce cikin kowace ƙwaya akwai ɗan tsiro yana barci, ruwa ke tada shi. Yara suka kwafa. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Na sha ganin shuka ta fito, amma ban taɓa ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa ba. Na kwana da shi na tashi da shi. Zane dai zane ne, ni so nake in gani.

Iya tana da wani tulu a ƙarƙashin gado. Irin zango ne a ciki, ta gauraya da toka, ta liƙe bakin da laka. Ko kallonsa ba a yi. Na ga ranar da ƙaramarmu ta yi kukan yunwa har muryarta ta dushe, Iya na zaune a kan gadon nan, tulun na ƙarƙashinta, hawaye na zuba, ba ta buɗe ba. Wannan tulun ni Habsu na huda. Na jira ta tafi daji, na sa tsinke na ƙwaƙule lakar, na karkata shi har ya cika mini tafi guda. Na liƙe ramin da yawu da ƙasa. Na sami gwangwanin tumatir da tsumma, na zuba rabin ruwan shana, na ɓoye bayan ɗaki cikin zana.

Wayyo, kwana ukun nan! Ban taɓa jin daɗi irin nasu ba, ga yunwa ga komai. In faki ido in je in buɗe tsumman. Rana ta farko sun kumbura. Ta biyu fatar ta tsage. Ta uku sai ga farar saiwa, siririya kamar zaren ɗinki, da wani gashi-gashi a jikinta wanda mushe bai zana ba. Na durƙusa ina kallo, na manta da duniya. Ban ji takun Iya ba sai da inuwarta ta rufe gwangwanin.

Muciya ce a hannunta. A shekarar nan an bugi yara a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ba wanda ya ga laifin uwayen. Yarinyar da aka ce ta buɗe tulun iri kuwa, sunan ɓarauniya zai bi ta har gidan miji. Na runtse ido ina jira.

Duka bai sauka ba. Da na buɗe sai na ga ta durƙusa ita ma, ta ajiye muciyar a ƙasa.

Ta ce, "Ci za ki yi?"

Na ce, "A'a, Iya."

"To mi?"

"Mushe ya zana mana. Ina so in gani."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "To kin gani?"

"Na gani."

"Madalla. Kin tashe shi, ba ya komawa barci. Yanzu ke za ki shayar da shi."

A ranar ta tona ɗan wuri bayan ɗaki, bai fi faɗin tabarmar salla ba. Ta zuba kashin awaki, muka jera tsiron ɗaya bayan ɗaya, ta kewaye da ƙaya, ta kafa tsohon faifai ya yi masa inuwa. Ruwa ne babu. Sai ta kafa doka a gidan, duk mai alwala a kan wurin zai yi. Sau biyar a rana muna tsugunawa a bakinsa, ruwan fuska da na hannu na ɗiga a kan ƙasar. Ni kuma aka ƙara mini gora guda daga rijiya, in ɗauko a kan tulun da na saba ɗauka. Wuyana ya gaya mini. Maƙwabta suka tambaya, Iya ta ce gwaji take yi, ba ta ƙara ko kalma ba.

Ruwan farko ya zo wata rana bayan azahar. Iska ta fara, mai sanyi, sannan ɗigo manya-manya suna tada ƙura. Ƙamshin ƙasa ya tashi har sai da na ji kamar in ɗiba in ci. Tsofaffi suka fito suna kuka, yara tsirara suna tsalle. Da aka ɗauke Iya ta je gona ta tura hannu cikin rairayi. Laimar ta tsaya mata a wuyan hannu. Ta ce bai isa ba, sai ta kai gwiwar hannu ake shuka. Amma wa zai saurari wannan? Gari duk ya fita. Dattawa suka ce mata, "Mijinki ba ya nan, kada ki bar gonarsa ta zama abin nuni." Aka yi mata gayya. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ba tuwon gayya, ba hura, ruwa kawai aka sha, amma har waƙa aka yi. Da yamma tulun Iya ya zama wayam.

Shuka ta fito, kore shar, layi-layi har iyakar gani. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kwana goma, kwana ashirin. Ganyen ya naɗe, ya yi toka-toka, sannan iska ta zo ta binne shi da rairayi. Ka je gona ka rantse ba a taɓa shuka komai ba. Mutane suka daina duban gabas.

A cikin kwanakin nan ne lakwal ta watse. Gidaje suna ta yin kudu, aji ya koma mu biyar, ya koma mu biyu. Mushe shi ma anza yake ci, har ƙafafunsa sun fara kumbura. Wata safiya na tarar ana ɗora akwatinsa a kan raƙumi. Ya dafa kaina ya ce, "Habsu, ki riƙe abin da kika sani. Zan dawo in kai ki jarabawa." Bai dawo ba, kuma ban taɓa riƙe shi a zuciya ba, wanda ya ga idonsa ranar ba zai riƙe shi ba. Aka yi jarabawar a Mayahi wata rana cikin ranakun nan, ina rijiya ko ina daji, ban ma san wace rana ce ba. Da aka sake buɗe lakwal bayan shekaru na riga na wuce wurin.

Ruwa na biyu ya zo a makare, amma na gaske ne, kwana biyu ana yi. Ba mai sauran iri. Abin da aka samo daga nesa aka shuka bai kai ga nuna ba. Na bayan ɗakinmu kuwa ya kai mini gwiwa, ya yi cunkus. Iya ta tumɓuke shi da ƙasarsa, ta datse kan ganyen, muka ɗauka a ƙwarya zuwa wani ɗan kwari a gindin gona muka dasa cikin yayyafi. Ya kwanta kwana uku kamar ya mutu, sannan ya miƙe. Da kaka muka yanki abin da bai cika dami ba. Zangarniya dogaye, cike. Muna kallonsu muna haɗiyar yawu, Iya ta rataye su a rufin ɗaki, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Shekarar da ta biyo daga gare su aka shuka, har maƙwabta suka samu. Gari ya ɗauka, ana cewa Iya mace ce mai hangen nesa, ita kaɗai ta san ruwan farko zai yi ƙarya. In an faɗa a gabanta ba ta cewa e, ba ta cewa a'a, sai dai ta ɗan dube ni ta gefen ido. Haka ta koma ga Allah da maganar a cikinta. Ni ma ban taɓa gaya wa kowa ba, har mijina.

"Kaka. Kaka, barci kike?"

Zuwaira ce ke girgiza ni. Inuwa ta gudu ta bar ƙafata a rana, hannuna har yanzu cikin baho.

Na ce, "Tashi, uwar sani. Kin tashe shi, sai ki shayar da shi. Ɗauko kalme da buhun takin awaki."

Muka nufi garkar mata da ke bakin rijiya. Yanzu akwai pano mai aiki da hasken rana da ke jawo ruwa, ba a jan igiya sai in ya lalace. Na roƙi matan unguwa, suka bar mana fangali uku, wasu suka kama mana aikin suna yi wa Zuwaira tsiya. Ɗaya ta ce, "Ke da za ki zama likita, ga ki da kashin awaki har goshi." Muka barbaɗa tsiron, muka rufe da ƙasa sama-sama, muka shimfiɗa kara don inuwa. Ban ruɗi kaina ba. Tiya huɗu ba ta shiga fangali uku. Abin da zai tsira, in Allah ya kawo ruwa da wuri aka dasa, iri ne na baɗi. Gonar bana sai Ma'azu ya nemo wani hatsin. Yarinyar ba ta ɗaga kai ba har muka gama, tafinta duk ya yi ƙurji, kuma duk abin da na yi sai ta tambaye ni dalili.

Bayan la'asar muka ji babur. Ma'azu ya shigo da ƙura har gira, fuskar nan a murtuke. Na bari ya sha ruwa. Sannan na ce ya zauna, na ce Zuwaira ma ta zauna.

Ya ce, "Inna, in maganar yarinyar nan ce, na gama. Irin Iya ne fa. Abin da tsohuwar nan ta hana cikinta ta bar mana, shi wannan ta mayar abin wasan salula."

Na ce, "Irin nan da kake rantsuwa da shi, ka san daga ina ya fito?"

"Wa bai sani ba? Iya ta yi dabara shekarar yunwa."

"Iya ba ta yi dabarar komai ba. Abin da ke tulunta duk ya ƙone a gona tare da na kowa. Wanda ya tsira, wata yarinya ce ta sata. Ta huda tulun uwarta, ƙannenta na kukan yunwa, ta jiƙa a gwangwani don kawai tana so ta ga yadda saiwa ke fita. Ni ce yarinyar, Ma'azu. Duk tuwon da ka ci a gidan nan tun kana rarrafe, daga satar nan ya fito."

Na ba su labarin tun daga tsinke har dami, na kuma gaya masa mun kai tsiron garkar bakin rijiya. Zuwaira ta saki baki tana kallona kamar yau ta fara ganina. Ma'azu ya cire hula ya riƙe a hannu, ya daɗe yana juya ta.

Can ya ce, "Shekara da shekaru kina ji muna yi wa Iya addu'a a kan irin nan duk ranar shuka, ba ki taɓa cewa komai ba."

Na ce, "Ku ci gaba da yi mata. Muciya na hannunta, ba ta buge ni ba."

Wata kaza ta zo tana tsattsagar bahon da ba komai a ciki, ba wanda ya kore ta. Ma'azu ya tashi ya fita, na ji takunsa ya yi wajen rijiya. Ya jima. Da ya dawo gwiwar wandonsa da laka, na san ya durƙusa ya duba. Ya tsaya a kan ɗiyarsa.

"Asarar da kika ja mini ba ƙarama ba ce, kin sani?"

"Na sani, Baba. Ka yi haƙuri."

"Safe da yamma ke za ki ba shi ruwa. In akuya ta shiga, ni da ke ne. Kuma duk abin da kika gani a cikin abin nan, kafin ki taɓa kayan gidana ki zo ki tambayi mutanen da suka san ƙasar."

Ya ciro salular ya ajiye mata a kan tabarma. Ya juya zai shiga ɗaki, sai ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba.

"Jarabawar taku yaushe ce?"

"Talata ta sama, Baba. A Mayahi."

"Ki shirya tun asuba. Ni zan kai ki."

Na ce musu bari in duba wani abu a ɗaki. Na shiga na saki labule, na zauna bakin gado, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina yarinya. Daɗi na ji, wallahi daɗi na ji. Amma ni ba wanda ya taɓa tambayar ranar tawa jarabawar.